Daga “Oh” Zuwa “Huh?”: Yadda Kalmomin Motsin Rai Ke Aiki a Nahawun Ingilishi

Wata rana da hantsi ina gidan wani ɗan'uwana, 'yarsa mai shekara tara tana zuba mana shayi. Makarantar kuɗi take zuwa, irin wadda ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji, don haka Turanci a bakinta kamar ruwa. Tana cikin ba ni labarin malamarsu da Turanci, sai gefen buta ya taɓa mata yatsa. Ta yarfe hannu ta ce, “Wash!” Ta hura yatsan, ta ɗora labarinta da Turanci daga inda ta tsaya.

Abin ya tsaya mini a rai. Da 'yar Landan ce, “ouch” ko “ow” za ta ce. Da 'yar Faransa ce, “aïe” za a ji, 'yar Jamus kuwa “aua”. Zafin buta ɗaya ne ko'ina, fatar ɗan Adam ma ɗaya ce, amma kowace yarinya da abin da zai fito daga bakinta. Ke nan waɗannan 'yan kalmomi koyonsu ake yi, kamar yadda ake koyon “ruwa” da “gida”. Su ne kuma suke zuwa a ƙarshe ga mai koyon baƙon harshe, bayan ya daɗe da ƙwarewa a manyan kalmomi da dogayen jimloli.

A littattafan nahawun Ingilishi na makaranta, babinsu ne na ƙarshe, kuma da wuya ya wuce rabin shafi. Ana cewa kalmomi ne da ke nuna motsin rai, ana sa musu alamar motsin rai, a kawo misali uku ko huɗu, shi ke nan. Wannan bayani ya gaza ta fuska biyu. Ya sa ɗalibi ya ɗauka ba su da ƙa'ida, alhali suna da ita. Ya kuma taƙaita aikinsu ga murna da baƙin ciki da mamaki, alhali waɗanda Bature ya fi yawan faɗa a yini, irin su “oh” da “well” da “mm-hm”, aikinsu riƙe zaren hira ne.

Yadda suka samu gurbi a nahawu

Sunan da Turawa ke kiran wannan rukuni da shi, “interjection”, daga Latin ya fito. Kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya tana nufin tsakani, ɗaya tana nufin jefawa, wato abin da aka jefa a tsakiyar magana. Tun daga sunan za ka ga irin kallon da aka yi musu: baƙi ne a cikin jimla.

Masanan Girka ba su ware musu rukuni ba. Littafin nahawun da ake dangantawa da Dionysius Thrax, wanda ya yi karatu a Iskandariya ya kuma rayu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa kalmomi gida takwas, ya cusa waɗannan a cikin bayanau. Da Rumawa suka zo kwaikwayon tsarin, sai suka tarar Latin ba ta da kalmar fayyace suna irin “the” ta Ingilishi, wadda Girkanci yake da ita. Gurbi ɗaya ya zama wayam, sai kalmomin motsin rai suka shige shi, lissafi ya koma takwas. Haka Donatus ya koyar a ƙarni na 4, haka Priscian ya rubuta wajen shekara ta 500, kuma littattafansu ne Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantawa. Da William Bullokar ya wallafa nahawun Ingilishi na farko da aka rubuta da Ingilishi a 1586, ma'aunin Latin ya ɗauko. Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795 su ma sun ba kalmomin motsin rai gurbinsu a ƙarshen jeri. Takwas ɗin da ake haddacewa a makarantunmu yau gadon wannan tarihi ne, ko da yake wasu 'yan gidan sun sauya a hanya.

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure zai tuna cewa malaman Larabci ma sun sha fama da irin waɗannan kalmomi. Sun kasa magana gida uku, suna da aikatau da harafi, sai ga “uffin” da “sah” da “haihata” sun ƙi zama daram a ko ɗaya, har aka ƙirƙiro musu babi na musamman, aka kira su sunayen aikatau.

Samun gurbi bai sa an daraja su a Ingila ba. John Horne Tooke, a littafinsa na 1786, ya ga cewa in har za a kira su kalmomi, to haniniyar doki da haushin kare da atishawa ma sun kusa cancantar sunan. Max Müller, a laccocinsa na 1861 a Landan, ya yi wa ra'ayin cewa harshe daga irin waɗannan sautuka ya faro laƙabin ba'a, ya kuma tsaya a kan cewa harshe yana farawa ne daga inda suka ƙare. Har a 1985, babban nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka wallafa, mai shafi sama da 1,700, ya bayyana su a matsayin kalmomin nuna motsin rai zalla waɗanda ba sa shiga ginin jimla. Akwai gaskiya a rabin maganar nan na biyu, kuma daga nan ya kamata a fara.

Halayensu a cikin jimla

Hali na farko shi ne cin gashin kai. “The” ko “of” ko “very” ba sa iya tsayawa su kaɗai su zama magana. “Ouch!” kuwa magana ce cikakkiya, haka “Wow!” da “Oops!” da “Shh!”. Ba sa neman aikau, ba sa neman karɓau.

Na biyu, ba sa ɗaukar ɗafi. Ba su da jam'i, ba su da sigar lokacin da ya wuce, ba a kore su da “not”. Dalilin haka shi ne a ɗaure suke da mai magana da kuma lokacin da yake maganar. “Ouch” zafin da nake ji ne, ni, yanzu. Ba zan iya amfani da ita in faɗi zafin da wani ya ji jiya ba. Shi ya sa jimla irin “She said that ouch” karyayya ce. Ko dai a maimaita furucin yadda ya fito, a ce “She said ouch”, ko a juya shi zuwa bayani, a ce “She said that it hurt”. A hirar yau da kullum Turawa na da wata hanya ta kawo irin wannan furuci, su ce “She went wow” ko “I was like wow”, inda mai ba da labari yake kwaikwayon abin da ya faru a maimakon bayyana shi.

Na uku, in an cire su jimla ba ta rushewa. “Oh, the bus has gone” tana nan da ƙafafunta in an ɗauke “oh”. Abin da ya ɓace shi ne labarin cewa yanzun nan mai magana ya gano motar ta tafi.

Duk da haka ba ko'ina ake jefa su ba. Mafi yawansu a farkon magana suke zama. Kaɗan suna shiga tsakiya, a wurin da murya ke iya ɗan tsayawa, kamar “It was, alas, too late”. Wasu kuma ƙarshe suka fi so, kamar “eh” da “huh” a “Nice car, eh?”, inda suke neman mai sauraro ya gaskata. In biyu suka haɗu ma akwai mai gaba da mai baya. Ana cewa “oh wow” da “oh no” da “oh well” da “oh boy”, kuma “oh” ce kullum a gaba. Ba wanda ya taɓa koya wa yaron Ingila wannan a aji, amma ba zai ce “wow oh” ba.

A rubutu, ƙarfin furuci ne ke zaɓar alama. In a hankali aka faɗa, waƙafi ya isa: “Oh, I forgot.” In da ƙarfi ne, sai alamar motsin rai, kuma abin da ya biyo baya sabuwar jimla ce mai farawa da babban baƙi: “Oh! I forgot.” In a tsakiyar jimla take, waƙafi biyu ne ke killace ta. Akwai kuma bambanci tsakanin “oh” da “O”. Ita “O” ta kira ce, daidai da “ya” ɗin da muke cewa a “ya Ubangiji”. Kullum da babban baƙi ake rubuta ta, ba a raba ta da sunan da ke binta da waƙafi, kuma yau sai a addu'a da tsohon adabi ake ganinta.

Wani wurin da ɗalibai ke ruɗewa a jarrabawa shi ne ɗaukar duk abin da ke da alamar motsin rai a matsayin kalmar motsin rai. “How fast she runs!” da “What a long day it was!” jimloli ne masu tsarinsu. Suna farawa da “how” ko “what”, sannan aikau ya riga aikatau zuwa, saɓanin tambaya irin “How fast does she run?”. “Fire!” da “Help!” kuwa suna ne da aikatau da gaggawa ta gutsure musu sauran jimla. Alamar rubutu ba ta sauya wa kalma rukuni.

Sai dai kalmar motsin rai da kanta tana iya ƙaura. A “The singer wowed the crowd”, “wow” ta zama aikatau, ta ɗauki ɗafin lokacin da ya wuce, ta samu karɓau. Haka “booed” da “shushed”, haka jam'in da ke “oohs and aahs”. Mu ma muna yin irin wannan in muka ce “sun yi tir da shi” ko “sun yi Allah wadai da abin”. Da zarar ta ƙaura, dokokin sabon gidanta ne ke hawa kanta.

'Yan gida da 'yan aro

Masanin da ya fi kowa farfaɗo da nazarin wannan rukuni a zamaninmu ɗan Ghana ne, Felix Ameka, mai magana da harshen Ewe. A wata maƙala da ya wallafa a 1992 ya nuna cewa kowane harshe yana da su, amma su aka fi yin watsi da su. Ya raba su gida biyu. Akwai na asali, waɗanda ba su da wani aiki sai wannan, kamar “oh”, “ah”, “ouch”, “wow”, “oops”, “ugh”, “phew”. Akwai na aro, waɗanda kalmomi ne masu ma'anarsu a wani rukuni amma aka jawo su nan, kamar “boy”, “man”, “dear”, “goodness”, “heavens”, “damn”, “well”. Ba'amurken da ya ce “Boy, it's hot!” ba da wani yaro yake ba, kamar yadda Bahaushiya za ta ce “Kai, yau ana rana!” alhali da 'yar'uwarta mace take magana, ko ma ita kaɗai ce a tsakar gida.

Na aron nan suna ɗauke da tarihin addinin Turawa. “Goodbye” asalinta addu'a ce, “God be with you”, wato Allah ya kasance tare da kai. Baki ya yi ta taunarta tun ƙarni na 16, sannan kamanceceniya da “good day” da “good night” ta mai da “God” ta koma “good”. Rantsuwa ma haka. Mutanen zamanin Shakespeare suna rantsuwa da raunukan da Kiristoci suka yi imani an ji wa Almasihu, sai “God's wounds” ta taƙaice ta zama “zounds”. A 1606 majalisar dokokin Ingila ta kafa dokar cin tarar fam 10 ga duk ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Allah da wasa a dandali. Ana ganin sawun wannan tsantseni a wasan Othello na Shakespeare: bugun 1622 cike yake da rantse-rantse, amma a bugun 1623 an cire da yawa, an sassauta wasu.

Daga irin wannan kunya ta ambaton abu mai tsarki ko mai muni aka samu kalmomin da aka lanƙwasa da gangan. “Gosh” da “golly” daga “God” suke, “gee” da “jeez” daga “Jesus”, “crikey” daga “Christ”, “heck” daga “hell”, “darn” daga “damn”, “blimey” ta mutanen Landan kuwa daga “God blind me”, wato Allah ya makantar da ni. Matashinmu da ya tsinci “jeez” a fim, Musulmi ne ko Kirista, ya dace ya san sunan wa yake gutsurewa, sannan ya zaɓa da saninsa.

Sautukan da suka fita daga layi

Ingilishi yana da ƙa'idojin tsarin sauti, amma kalmomin motsin rai na asali sukan tsallake su. Kalmar Ingilishi ta yau da kullum ba ta rasa wasali, amma ga “shh” da “psst” da “mmm” da “brr”. “Phew” takan fara da hurowar iska tsakanin leɓɓa biyu, “ugh” takan ƙare da gogar iska a can hanɗa, sautukan da ba a samu a sauran kalmomin Ingilishin Landan ko na Amurka. Irin su Horne Tooke sun ɗauke su kamar kukan dabba. Amma haniniyar doki ba ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, waɗannan kuwa suna bambanta.

Labarin “tut-tut” da “tsk-tsk” abin lura ne. Asalin sautin ɗan ƙyas ne da ake yi da kan harshe a bayan haƙoran sama, na nuna rashin jin daɗi. Marubuta suka rasa baƙaƙen rubuta shi, suka yi ta kamantawa. Masu karatu kuma suka riƙa furta abin da suka gani a takarda, har “tat-tat” da “tisk-tisk” suka zama kalmomi masu zaman kansu. Kada a haɗa shi da tsakinmu. Na Bature gajere ne, mai sauƙi, kaka kan yi wa jikanta shi in ya ɓata riga. Tsaki kuwa in ka ja wa babba ka yi rashin kunya. Irin namu ya ƙetara teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka, yana nan a bakin baƙaƙen fatar Karibiyan da Amurka, kamar yadda John Rickford da Angela Rickford suka nuna a binciken da suka wallafa a 1976.

Akwai wasu uku da ya kamata kowane mai koyo ya bambance da kunne. “Uh-huh” tana da sautin h a tsakiya, murya tana hawa a ƙarshe, ma'anarta i. “Uh-uh” tana da hamza a tsakiya, murya tana sauka, ma'anarta a'a, kuma ta yi kama da a'a ɗinmu ƙwarai. “Uh-oh” ita ma da hamza, gaɓar farko sama, ta biyu ƙasa, tana nufin ga matsala nan tafe. A nan Bahaushe ya fi wasu sa'a, domin kunnensa ya saba da karin sauti da hamza tun yana goye. Abin da yake bukata kawai a nuna masa cewa a wannan lungu na Ingilishi hawa da saukar murya ne ke raba i da a'a.

Aikinsu a cikin hira

Ameka ya kasa aikinsu gida uku. Wasu suna bayyana halin da mai magana yake ciki, kamar “yuck” ta ƙyama da “aha” ta ganowa. Wasu suna neman wani ya yi wani abu, kamar “shh” ta neman shiru, “psst” ta kira a asirce, “hey” ta jawo hankali, “shoo” ta korar kaji, “whoa” ta tsai da doki. Wasu kuma suna riƙe zumuncin hira ne kawai. Wannan kaso na uku shi littattafan makaranta suka manta, kuma shi ya fi yawa a baki.

Ɗauki “oh”. John Heritage ya saurari hirarrakin da aka naɗa a faifai, ya nuna a 1984 cewa babban aikinta shi ne sanar da cewa ilimin mai magana ya sauya: ɗazu ban sani ba, yanzu na sani. Wani ya tambaya, “When does the shop close?” Aka ce masa, “At six.” Ya ce, “Oh.” Da wannan gaɓa ɗaya ya shaida cewa amsar ta iso, kuma sabuwa ce a gare shi. Malamin da ya tambayi ɗalibi abin da shi ya riga ya sani ba ya cewa “oh”, sai dai “good” ko “right”. Aikin da “au” da “ashe” da “af” suke raba wa junansu a Hausa, “oh” ce ke ɗauke da mafi yawansa a Ingilishi.

“Well” kuwa gargaɗi ce cewa amsar da ke zuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Deborah Schiffrin ta yi mata dogon nazari a littafinta na 1987. Ka gayyaci Bature walima, ka ce “Are you coming?”, ya fara da “Well,” ya ɗan ja ta. Tun kafin ya ƙarasa, wanda ya san harshen ya gane uzuri ne ke tafe. Daidai take da doguwar “to” ɗin da dattijo ke ja in ba ya son ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri.

Hatta “uh” da “um”, waɗanda ake ɗauka in'ina ce, Herbert Clark da Jean Fox Tree sun kawo hujja a 2002 cewa kalmomi ne masu saƙo. “Uh” tana sanar da ɗan jinkiri kaɗan, “um” tana sanar da wanda ya fi tsawo, dukansu kuma suna cewa ban gama ba, a dakace ni. A ɓangaren mai sauraro akwai “mm-hm” da “yeah” da “right”. In kana waya da Bature ka yi shiru na ɗan lokaci, za ka ji ya tsaya ya ce “Hello?”, domin rashin jin “mm-hm” ɗinka ya sa ya zaci layi ya katse. Mu ma haka muke da “to” da “na'am” da “haka ne” da “ikon Allah”. Abin kiyayewa shi ne “mm-hm” ɗin mai sauraro sau da yawa ci gaba ina jin ka take nufi. Wanda ya ɗauke ta amincewa a wurin ciniki ko yarjejeniya zai iya komawa gida da alkawarin da ba a yi masa ba.

Erving Goffman, masanin halayyar zaman jama'a, ya duba “oops” a 1978 ya gano cewa ko da kamar da kanmu muke yi, don mutanen da ke kusa muke faɗarta. Wanda cokali ya suɓuce masa ya ce “oops” yana shaida wa na gefensa cewa ya lura, kuskuren ƙarami ne, kuma hankalinsa na jikinsa. Don haka tana da iyaka. Ana faɗarta in shayi ya zube a faranti. Wanda ya faɗe ta bayan ya jawo wa wani babbar asara ya ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Sai “huh?”, wadda ake faɗa in ba a ji abin da aka ce ba. A 2013 Mark Dingemanse da Francisco Torreira da Nick Enfield, na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, suka kwatanta hirarraki a harsuna 10, ciki har da Siwu na Ghana, suka kuma duba bayanai daga harsuna 31. Sun tarar ko'ina akwai 'yar gajeruwar kalma mai gaɓa ɗaya, mai kama da wannan, mai wannan aiki. Amma kowane harshe ya daidaita wasalinta da karin muryarta da tsarinsa, kuma yara koyonta suke yi. Bukata ɗaya ce ta sassaƙa ta ko'ina: hira tana gudu, mai sauraro yana son hanya mafi sauri ta cewa maimaita.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe

Ladabin da ke tsakanin “iye?” da “na'am?” yana nan a Ingilishi. Yaro mai tarbiyya ba ya ce wa mahaifinsa “iye?”. Haka “huh?” da “what?” na tsakanin abokai ne. A gaban malami ko mai ɗaukar aiki, “sorry?” ko “pardon?” ake cewa.

Ita “sorry” ɗin kanta mun ɗora mata kayan “sannu”. Mutum ya yi tuntuɓe a gabanmu, mu ce “sorry”. A Ingilishin Nijeriya wannan daidai ne, kowa ya gane, kuma kyakkyawar ɗabi'a ce ta haife shi. Mutumin Ingila kuwa zai iya amsawa da cewa ai ba laifinka ba ne, domin shi a irin wannan wuri “careful” ko “are you all right?” ya saba ji. Haka “well done” da muke faɗa a madadin “sannu da aiki”. A wurinsa yabo ne ga wanda ya gama abu ya kuma yi shi da kyau, galibi daga babba zuwa ƙarami. “Oho” ma tarko ce. Tamu tana nufin ban sani ba ko ba ruwana, tasu tana nufin mamakin wanda ya kamo bakin zaren wani abu.

Sannan kalmomin nan suna tsufa, wasu kuma ana haihuwarsu a gabanmu. “Alas”, wadda ta shigo daga tsohon Faransanci, da “lo” da “hark” sun koma cikin littattafai. Ɗalibin da ya rubuta “Alas!” a wasiƙa ga abokinsa, domin ita ya gani a babin nahawu, zai yi kama da mai cewa “kaico” a kan faɗuwar biro. “Hello” wayar tarho ce ta ɗaukaka ta: Thomas Edison ya ba da shawarar a riƙa amsa waya da ita a 1877, alhali Alexander Graham Bell ya fi son “ahoy” ta matuƙan jirgin ruwa. Daga nan “halo” ta iso bakinmu. “OK” ta fara bayyana a wata jaridar Boston a 1839. “OMG” da matasa ke ɗauka tasu ce, an same ta a wasiƙar da Admiral John Fisher ya aika wa Winston Churchill a 1917, kuma ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita tare da “LOL” a 2011. Duk waɗannan na hira ne da saƙon waya da maganar taurari a labari. A rahoto ko takardar neman aiki ko amsar jarrabawa, barinsu ya fi.

Abin da nake roƙon malaman Ingilishi shi ne su fitar da wannan babi daga rabin shafinsa. A kunna wa ɗalibai hirar Turawa biyu ta minti uku, a ce su ƙirga “oh” da “well” da “mm-hm”, su faɗi abin da kowace ta yi a inda ta faɗo. Sannan a tambaye su me Bahaushe zai ce a wurin, “au” ko “to” ko “ashe” ko “haba”. Yaron da ya san bambancin “kash” da “tir” da “wayyo” ya riga ya san cewa irin waɗannan kalmomi suna da ƙa'ida, saura kawai a nuna masa ta Ingilishi. 'Yar ɗan'uwana za ta koyi “ouch” wata rana, ta san inda ake faɗarta da wanda ake faɗa wa. Ina fata ranar nan ta zo ba tare da an ci tararta a kan “wash” ba.